Ma'abota Kwamfuta Da Sanyin Gwiwar Manyanta

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana faruwa a tsakanin ma'abota na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, wanda ba kasafai ake tsayawa a dube shi da idon basira ba. Mutumin da a ƙuruciyarsa yake raba dare yana kwance na'ura yana ɗaurawa, wanda ba ya tuna abinci muddin akwai wata matsalar da ta ƙi warwaruwa a gabansa, sai a wayi gari ya haura shekara arba'in ko hamsin, sabuwar na'ura ta fito duniya tana ta zumuɗi a kanta, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. Iyakar abin da yake nema a wurin kwamfuta shi ne ta yi aikinta ta ƙyale shi. Wasu ma sukan bar fagen baki ɗaya, su koma noma, ko sassaƙa, ko koyarwa.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin jama'a ita ce tsufa. A ce ai ƙwaƙwalwa ta gaji, ido ya raunana, zamani ya wuce shi. Babu shakka shekaru suna da nasu rabon, kuma za a zo kansa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya bi tarihin kwamfuta daga 1975 zuwa yau zai ga cewa na'urar da ta sace zukatan waɗannan mutane ta sauya fiye da yadda su kansu suka sauya, kuma ɗora wa tsufa laifin duka wata hanya ce ta kauce wa tambayar da ta fi muhimmanci, watau wa zai gaje su.

Yadda Ɗokin Ya Faro

A watan Janairu na 1975 wata mujallar masu sha'awar kayan lantarki a Amurka ta buga hoton wani akwati a bangonta. Sunansa Altair 8800, kuma wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna MITS da ke garin Albuquerque ya ƙera shi, ƙarƙashin wani injiniya da ake kira Ed Roberts. Farashinsa bai kai dala 400 ba, amma a warwatse ake aiko shi, mai saye ne zai zauna da dalma ya haɗa kayansa da hannunsa. Ba shi da allon kallo, ba shi da maɓallan rubutu. Da 'yan makunnai ake shigar masa da umarni, shi kuma ya ba da amsa da 'yan fitilu jajaye. Abin da yake iya riƙewa a ƙwaƙwalwarsa bai wuce kwatankwacin haruffa 256 ba, watau ƙasa da tsawon wannan sakin layi. Duk da haka dubban mutane suka aika da kuɗinsu, domin a karon farko mutum yana iya mallakar kwamfuta tasa ta kansa, alhali a da sai gwamnati da jami'o'i da manyan kamfanoni.

A ranar 5 ga Maris na wannan shekarar kimanin mutum talatin suka taru a garejin wani gida a Menlo Park ta jihar Kalifoniya don su ga Altair ido da ido. Daga wannan zama aka sami ƙungiyar Homebrew, inda kowa yake kawo abin da ya ƙera ya nuna wa 'yan'uwansa, a kwafa a ƙara masa gyara ba tare da an biya ko kwabo ba. A cikin mahalarta akwai Steve Wozniak, wanda ya ƙera Apple I a 1976 da Apple II a 1977. Bayan 'yan shekaru irin wannan guguwa ta isa Ingila da BBC Micro a 1981 da ZX Spectrum a 1982, shekarar da Commodore 64 ta fito a Amurka. Waɗannan na'urori duka suna da hali ɗaya: da zarar an kunna su sai su tsaya suna jiran umarni cikin harshen BASIC. Yaron da yake son wasa dole ya koyi yi wa na'ura magana, har mujallu sukan buga dogayen umarnai shafi-shafi, mai karatu ya kwafe su harafi bayan harafi.

To, ina waɗannan mutane suka ƙare? Ƙungiyar Homebrew ta yi zamanta na ƙarshe a watan Disamba na 1986. Wozniak ya daina aikin yau da kullum a kamfanin Apple a 1985, daga baya ya shafe shekaru yana koya wa 'yan firamare kwamfuta a garinsu. Shi kuwa Ed Roberts, wanda ya kunna wutar tun farko, ya sayar da kamfaninsa a 1977, ya sayi gona a jihar Jojiya, sa'an nan ya shiga makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Mercer, ya kammala a 1986. Ya yi sauran rayuwarsa yana duba marasa lafiya a wani ƙaramin gari mai suna Cochran har ya rasu a 2010. Mutumin da ya iya fara karatun likita bayan ya haura shekara arba'in ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta gaji ba. Abin da yake so ne ya sauya wuri.

Rabon Shekaru

Gaskiya ne cewa jiki yana da nasa hukuncin. Daga wajen shekara arba'in gilashin cikin ido yakan fara taurara, karatun ƙananan haruffa da aikin ƙananan wayoyi su yi wuya. Jimirin kwana a zaune yakan ragu. Masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya rarrabe basira gida biyu: akwai saurin warware matsalar da ba a taɓa gani ba, wanda yakan kai ƙololuwa a ƙuruciya ya riƙa raguwa sannu a hankali, akwai kuma taskar sani da ƙwarewa, wadda takan ci gaba da ƙaruwa har cikin tsufa. Saboda haka dattijo ba ya rasa basira, sai dai ma'auninta ya karkata daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin da ya fi wannan haskaka matsalar shi ne binciken Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford, wadda tun farkon shekarun 1990 take nuna cewa abin da mutum yake zaɓa ya dogara ne ga yawan lokacin da yake ganin ya rage masa. Mai ganin doguwar tafiya a gabansa yakan tara sani da sababbin abokai, domin wata rana za su yi amfani. Mai ganin yamma ta fara yi kuwa yakan fifita abin da yake da ma'ana a zuciyarsa yanzu, watau iyali da aminai da aikin da zai bari a bayansa. Ita da abokan aikinta sun gano cewa matasan da ke fama da cuta mai barazana ga rayuwa sukan yi zaɓi irin na dattawa, dattawan da aka ce su ƙaddara an ƙara musu shekara ashirin na lafiya kuma sukan yi zaɓi irin na matasa. Ke nan magidancin da ya ƙi ɓata daren Asabar wajen koyon sabuwar manhaja lissafi ya yi, kuma lissafinsa yana kan hanya.

Amma wannan bayani bai isa ba. Masu kiwon dawaki, da masu nazarin taurari, da masu dashen itatuwa, da ma'abota littattafai, da yawansu ƙaunar abinsu ƙaruwa take yi da shekaru. Me ya sa ta kwamfuta take saurin hucewa?

Na'urar Da Aka Kulle

Apple II murfinta da hannu ake ɗagawa. A ciki akwai gurabe takwas da aka tanada don mai ita ya ƙara abin da ya ga dama, littafin da ke bayaninta kuma yana ɗauke da taswirar wayoyinta. Shekara bakwai bayan haka, a 1984, kamfanin ya fito da Macintosh, wadda ba ta da gurbi ko ɗaya, notinanta kuma suna can cikin rami, sai da wata doguwar sukudireba ta musamman ake kai musu. Wannan ita ce alƙiblar da masana'antar ta bi. Wayar iPhone ta fito a 2007, a 2008 aka buɗe mata kantin manhajoji wanda babu abin da yake shiga sai da yardar kamfani. A yawancin wayoyin yau batir a manne yake da gam, a kwamfutocin cinya da yawa kuma an like ma'adanar bayanai da dalma yadda ba za a ƙara ta ba. Manhajar da a da ake saye sau ɗaya a mallaka, yanzu da yawanta haya ake biya duk wata.

Ga mai amfani na yau da kullum wannan sauƙi ne babba, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Dalilinsa ne ya sa tsohuwa a ƙauye take iya ganin fuskar jikanta da ke wata ƙasa ba tare da ta san komai game da lantarki ba. Amma abin da ya ja ma'abocin kwamfuta tun farko shi ne iko, watau ya fahimci abu daga tushe har ƙarshe, ya kuma juya shi yadda yake so. Mai hankali ɗaya yana iya haddace Commodore 64 kaf. Babu wani mahaluƙi da zai iya haddace wayar da ke aljihunsa yau, wadda ƙwaƙwalwarta take ɗauke da biliyoyin turansista, alhali Intel 4004 ta 1971 guda 2,300 kawai take da su. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. An karɓe wa mutumin nan guntun gatarinsa, an ba shi aron babba mai ƙyalli, sa'an nan ana mamakin ganin ya daina zuwa daji.

Bugu da ƙari, irin tsallen da ake gani da ido a da ya ragu. Kwamfutar IBM ta 1981 ƙwaƙwalwarta tana bugu miliyan 4.77 a daƙiƙa. A 2000 aka kai biliyan ɗaya, a 2004 kuma Pentium 4 ta kai biliyan 3.8, watau ninki kusan 800 cikin shekara 23. A cikin shekara ashirin da suka biyo baya wannan adadi bai ko ninka sau biyu ba a na'urorin da ake sayarwa a kasuwa. Dalili shi ne zafi: turansista sun yi ƙanƙantar da wuta take yoyo daga cikinsu, ba a kuma iya rage ƙarfin wutar kamar da, don haka ƙarin gudu zai dafa na'urar. Sai injiniyoyi suka koma jera ƙwaƙwale da yawa a wuri ɗaya. Ci gaba bai tsaya ba, amma wanda ya saba duk sabuwar kwamfuta ta ba shi damar yin abin da bai taɓa yiwuwa ba, yanzu yakan sayi sabuwa ya tarar da aikin jiya ne take yi, sai ɗan sauri da ƙarin tallace-tallace.

Sha'awa Ta Zama Sana'a

A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu, David Greene da Richard Nisbett, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da yaran makarantar reno masu son zane. Suka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, na biyu aka ba su takardar ba zato, na uku ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye alƙaluman zanen a aji aka zuba ido. Yaran da aka yi wa alkawari sun yi kimanin rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. Lada da aka ɗaura wa abin ta mai da wasa ya zama aiki.

Abin da ya sami ma'abota kwamfuta ke nan, amma na tsawon shekara talatin. Yawancinsu sun sami abinci a cikin abin da suke ƙauna, aka yi musu barka. Daga nan sai na'urar ta zama ta maigida, da wa'adin kammala aiki, da tarurruka, da kiran tsakar dare idan wani abu ya lalace. Makanikin da ya yini a ƙarƙashin motocin mutane da wuya ya koma gida ya kwance tasa don nishaɗi. Ga kuma wata wahala da wannan sana'a ta keɓanta da ita: kayan aikin da mutum ya ƙware a kansu sukan tsufa cikin 'yan shekaru, dole ya sake zama ɗalibi, sau da yawa don ya koyi yin abu guda ta wata sabuwar hanya. Karo na farko daɗi ne, karo na biyar gajiya ce.

Kowa ya daɗe zai ga daɗau. Dattijon da ke wannan fage ya ga alkawuran ƙirƙirarriyar basira na shekarun 1960, ya ga yadda rahoton Lighthill na 1973 ya sa gwamnatin Ingila ta janye yawancin tallafinta. Ya ga gagarumin shirin Japan na 1982 wanda ya ƙare bayan shekara goma bai cika burinsa ba. Ya ga kamfanonin intanet sun kumbura sun fashe a 2000. Idan irin wannan mutum bai yi rawa da fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ba, akwai dalili.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma adalci ya wajabta a faɗe shi. Clifford Stoll masanin taurari ne wanda a 1986 ya bi sawun kuskuren santi 75 a lissafin kwamfutar wani ɗakin bincike a Berkeley har ya gano ɓarawon bayanai da ke Jamus. Kaɗan ne suka san intanet kamarsa a lokacin. Amma a 1995 ya rubuta a mujallar Newsweek yana shakkar cewa ciniki ko karatun jarida za su taɓa komawa kan intanet, kuma a wannan shekarar ce Amazon ya fara sayar da littattafai. Gajiya takan yi kama da hikima har mai ita ya kasa rarrabewa. Misalin da ya fi dacewa a bi shi ne na Donald Knuth na Jami'ar Stanford, wanda ya daina amfani da wasiƙar lantarki tun ranar 1 ga Janairu 1990, bayan shekara goma sha biyar yana amfani da ita, don ya sami natsuwar rubuta babban littafinsa kan ilimin tsara umarnin kwamfuta. Juzu'in farko ya fito a 1968, wani juzu'in kuma a 2022, yana da shekara 84. Ya bar hayaniyar kasuwa ya riƙe ilimin.

Abin Da Ke Cikin Haɗari

Idan mutum ya bar kwamfuta ya koma gona ko asibiti, babu abin tausayi a lamarinsa. Asarar tana kan al'umma, domin wani babban sashe na abin da duniya take tafiya a kansa yana hannun 'yan tsirarun masu sa kai ne da kuma dattawan da suka san tsofaffin na'urori. A watan Afrilu na 2014, da aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda take kare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet, sai aka ji cewa gudummawar da aikin yake samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne tak yake yinsa a matsayin cikakken aiki. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959, domin na'urorin biyan tallafin marasa aiki sun gaza.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da ya auku a 2024. Akwai wata 'yar manhajar matse bayanai mai suna xz da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Mutum ɗaya ne ya riƙe ta sama da shekara goma, kyauta, har a 2022 ya bayyana cewa ƙarfinsa ya ragu. Wani da ya ɓoye a bayan sunan Jia Tan ya yi kimanin shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sa'an nan ya dasa ƙofar sirri a cikin manhajar. Allah ya kiyaye, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa a na'urarsa, ya ƙi ƙyalewa, ya bi diddigi har ya tona asirin a ranar 29 ga Maris. Gajiyar wani ma'aboci ce ta buɗe ƙofar, ƙwaƙƙwafin wani kuma ya rufe ta.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mataki na farko shi ne a mayar wa yara na'urar da za su iya buɗewa. A wajen 2006 Eben Upton na Jami'ar Kambirij ya lura cewa masu neman karatun kimiyyar kwamfuta sun ragu, waɗanda suke zuwa kuma ba su da irin ƙwarewar 'yan zamanin BBC Micro. Shi da abokansa suka ƙera Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu, wadda ta shiga kasuwa a 2012 a kan dala 35, an kuma sayar da miliyoyi masu yawa. Haka nan dokokin da ke kare haƙƙin mai kaya na gyara kayansa sun cancanci goyon baya. Faransa ta wajabta a Janairun 2021 a rubuta wa wayoyi da kwamfutocin cinya maki daga cikin goma kan sauƙin gyaransu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokarta a 2024.

Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin mafi yawan jama'a sun fara saduwa da kwamfuta ne ta hanyar wayar salula bayan zuwanta Nijeriya a 2001, watau sun tarar da ƙofar a kulle. Amma duk wanda ya leƙa rumfunan masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai ga samari da dalma a hannu suna yin irin abin da 'yan Homebrew suka yi, ba tare da taswira ko littafi ba. Ya kamata sassan kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki na jami'o'i su buɗe musu ƙofa. Ya kamata kuma ɗakin kwamfuta ya daina zama wurin da ake hana ɗalibi taɓa komai. Tsofaffin na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiya suna shan ƙura sun fi amfani a hannun ɗan aji ɗaya da sukudireba, ko da zai ƙarasa lalata su.

Na biyu, kamfanoni da gwamnatocin da ke cin moriyar aikin masu sa kai su biya, su kuma tabbatar babu wata muhimmiyar manhaja da ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Na uku, a daina auna darajar dattijon malami ko injiniya da saninsa na sabon yayi. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya daina ɗokin sabuwar waya har yanzu ya san dalilin da ya sa aka tsara abubuwa yadda suke, ya san kurakuran da aka riga aka yi, kuma wannan sani ba ya cikin littafin koyarwa. A zaunar da shi da ɗalibai biyar ko goma sau ɗaya a mako, a gaban na'urar da aka cire wa murfi, tun kafin ya ajiye aiki ya tafi da abin da ke kansa.